Bangon da Kyamara Ba Ta Gani Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Haladu magini. A daminar bana na fi jin rashinsa, domin a cikinta na yi masa laifin da ba ni da inda zan same shi in ba shi haƙuri.

Sa'annina za su tuna lokacin da fim ɗin kaset ya fara shiga ƙauyuka. A lokacin ne wasu 'yan fim daga Kano suka sauka a garinmu, tsakanin Bagwai da Shanono, suna neman wanda zai gina musu zauren mai gari irin na da. Aka nuna musu Yaya. Daraktan ya ce fuskar kawai suke so, bango ɗaya da ƙofa, a tokare shi da itace ta baya, tunda sati uku za su yi su tafi. Yaya ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, to in an shiga ƙofar, ina aka shiga?" Kowa ya fashe da dariya ban da shi. Bai san wasa da gini ba.

Zaure cikakke ya tayar a gefen gonarmu. Ya jera azara, ya yi rufi, ya fitar da zanko a kusurwoyin sama, ya sa indararo don zubar ruwan sama. Har bangon baya, wanda kyamara ba za ta taɓa leƙawa ba, sai da ya yaɓe shi da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasa da shi don kada ruwa ya ci gini. Na tsokane shi, na ce ko awaki yake son ya burge. Ya ce in ba shi wuri, malamin makaranta me ya sani game da ƙasa. Fim ya fito ya yi suna, mutane suka riƙa tsayawa kallon zauren a hanyarsu ta kasuwa. Yaya bai daina kula da shi ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Bayansa na ɗan lallaɓa, amma hannun da ya saba da alli bai iya yaɓe ba.

Da bazarar bana wasu matasa suka zo. Za su sake yin fim ɗin, amma sun dawo da labarin zamanin yanzu, mai garin ya koma attajirin birni. Daraktansu, Nazifi, mai ladabi ne ƙwarai. Ya nuna mini a waya yadda zauren zai koma: siminti, fenti ruwan madara, ƙofar ƙarfe, babu zanko. Ya ce, "Baba, wallahi ba rushewa za mu yi ba. Gaban kawai muke so, bayan babu ruwanmu da shi." Na ji kamar na taɓa jin maganar nan, amma na amince. Na gaya wa kaina siminti zai kare ginin, kuma sunan Yaya zai fito a allo. Gaskiyar ita ce na gaji da yaɓe.

Ina tsaye suka cire indararon suka toshe kafarsa, wai gidan attajiri ba a ganin irinsa. Suka gama ɗaukarsu suka tafi. Da marka ta zo, ruwa ya rasa mafita, ya kwanta a rufin, ya riƙa sulalewa ta bayan simintin yana cin ƙasar, fenti kuwa na ta ƙyalli a waje. Wata Laraba da hantsi ina cikin gonar gero na ji rugugi. Kafin in ƙaraso, fuskar zauren ta zube, rufin ya bi ta.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ba na jin zai zargi Nazifi, shi abin da ya koya ya yi, kuma har ya bugo waya yana ba ni haƙuri. Zamanin ma ba zai dame shi ba, don ya ga shigowar bulo bai yi fushi ba. Ni zai kalla, ni da na tashi a gidan magina, na san aikin indararo tun ina rarrafe. Wannan kallon nake gani, kuma yana yi mini ciwo.

Abin da ya rage shi ne bangon baya. Yana nan tsaye shi kaɗai, makubarsa ba ta ko tsage ba, sawun yatsun Yaya na kwance a jikinsa. Fim biyu aka yi a wurin, babu wanda ya nuna shi. Jiya da aka fara yayyafi na bi ta can, na tarar da awakin maƙwabta sun jeru a gindinsa sun fake. Na tsaya a cikin ruwan ina kallonsu, na kasa dariyar da na yi wa Yaya a wancan lokacin.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe mini.