Anti Nerys da Tudun Pontderi

Duk wanda ya taɓa saka jar rigar ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta garin Pontderi ya fi sanin muryar Nerys Probert da fuskarta. Yawanci daga can sama muryar take saukowa, shi kuwa yana ƙasa yana haki, idonsa a kan takalminsa.

'Yar gajeruwar mace ce marar jiki, mai ƙwauri kamar na tumakin dutse. Aikinta raba wasiƙu. A Pontderi kuwa, in ka cire filin wasa, babu wurin da yake kwance, har maƙabartar ma a karkace take. Gidaje layi bisa layi suke manne a jikin dutse, kuma tun tana budurwa take bin su da ƙafa kowace safiya, jaka a kafaɗa, ko ruwa ake ko ƙanƙara. An sha yi mata tayin mota, ta ce kafin ta gama juya mota a lungunan nan ta riga ta gama layi guda.

A bakin fili ta girma. Mahaifinta mahaƙin kwal ne, kuma a sahun gaba yake wasa, wurin da ƙarti ke haɗa kafaɗa su yi ta turereniya. Ita ke riƙe masa bokitin ruwan sanyi da soso, in an fasa wa wani baki ta ruga ta miƙa. A nan ta koyi wasan, har da zage-zagensa. Da ta girma ta auri Elwyn, direban bas, mutum mai sanyin hali wanda ba a jin muryarsa sai in yana waƙa a coci.

Da aka rufe ramin kwal, abubuwa da yawa sun mutu a garin, amma ƙungiya ba ta mutu ba, ciwo ta kama. Iyayen da suka wuni suna sara da ɗaukar kaya a ƙarƙashin ƙasa ba su taɓa neman wani atisaye ba, aikin ya ishe su. 'Ya'yansu kuwa wasu tuƙin motar kaya suke, wasu zaman amsa waya a Cardiff, wasu zaman gida. Wasan suna da shi a ka da hannu. Sai su fara da kyau, a tafi hutun rabin lokaci suna gaba, a dawo ka ga sun riƙe ƙugu suna kallon abokan karawa na wuce su kamar masu jiran bas.

Wata Asabar aka lallasa su a gida. Bayan wasa Nerys na zuba wa 'yan wasa romon rago da dankali a ɗakin ƙungiya, kamar yadda matan garin suka saba, tana zubawa tana mita. Kocin, Dilwyn, tsohon ɗan ajinsu ne, tun suna yara ba sa raga wa juna.

"Nerys, ki bar yaran nan su ci abinci. Sun yi iya ƙoƙarinsu."

"Ai ƙoƙarin nasu ne bai kai ya kawo ba. Dubi wancan, cokali ma da kyar yake ɗagawa. Wasa ka koya musu, Dilwyn, amma ba su da huhun da za su yi shi."

"To ke da kike da huhun, ki zo ran Talata ki ba su."

Aka yi dariya. Ran Talata da yamma sai ga ta da takalmin aikinta da usur a wuya.

Ba ta shiga fili ba. Ta nuna musu tudun da ke bayan gari, tulin baraguzan da aka kwaso daga rami shekara da shekaru, wanda ciyawa ta riga ta rufe, ta ce can za su. Wani ƙato mai suna Gethin, wanda saboda girmansa ake ce masa Jariri, ya ɗaga kai ya dubi tudun ya dube ta.

"Anti Nerys, ni fa a gaba nake wasa. Turi aka sa ni, ba gudu ba."

"Turin ma da ka yi kaɗan sai ka zauna a kan ɗan mutane kana hutawa. Ina gani. Wuce mu je."

"In na mutu a can wa zai sauko da ni?"

"Gangara ce, mirgino ka za mu yi."

Ita ta fara kaiwa sama. Ta zauna a kan dutse tana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, tana haɗawa da na iyayensu mata, tana gaya wa kowa abin da uwarsa za ta ce in ta gan shi a haka. Jariri bai kai ba. A tsakiyar hanya ya durƙusa ya amayar da abin da ya ci da rana, ya miƙe ya juya gida. Ran Alhamis bai zo ba, ran Asabar ma haka.

Abin ya tsaya wa Nerys a rai. Ta san gidan, kamar yadda ta san kowane gida. Ta san an sallame shi daga aikin sito tun bazara, labulen tagarsa ba ya buɗewa sai rana ta yi tsaka, kuma zari-ruga ne kaɗai abin da ke fito da shi cikin mutane. Ta yi ta juya maganar har Elwyn ya ce mata, a hankali kamar kullum, "Kin kunyata shi a gaban abokansa. Ba tudun ne ya kore shi ba."

Da safe ta buga masa ƙofa. Ya buɗe da rigar barci, ido a kumbure.

"Akwai saƙona ne?"

"Babu. Kafaɗata ke ciwo, jakar nan kuma ta yi nauyi yau. Saka takalmi ka riƙe mini."

Ya san ƙarya take, ta san ya sani. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya koma ciki ya fito da takalmi. Haka suka yi ta yi duk lokacin sanyin nan, 'yar mitsitsiyar mata a gaba, ƙato a baya da jaka, tsofaffi na leƙowa ta taga suna tambaya ko gidan waya ya sayi jaki ne. Ba ta taɓa yi masa maganar tudu ba. Hira kawai suke, ta mahaifinta, da ta karnukan da ke cizo da waɗanda haushi kawai suka iya. Ranar da ya dawo atisaye babu wanda ya tanka, ya shiga sahu kawai. Ya kai sama na ƙarshe, ya kwanta rigingine a ciyawa, ya ce, "Ashe ana hango teku daga nan."

Ita ma ta koyi nata. A farkon fari gani take duk wanda ya ce wayyo ragwanci ne, har sai da samari biyu suka yage naman cinya a mako guda. Dilwyn ya same ta ya ce, ba wasa a fuskarsa, "Huhu na ce ki ba su, ban ce ki karya mini su ba." Ba ta yi musu ba. Ta nemi kwas na masu horar da 'yan wasa, ta riƙa hawa jirgin ƙasa zuwa Cardiff, ta zauna a aji cikin yaran da a shekaru ta haife su. Ta dawo da abubuwan da ba ta sani ba: yadda ake ɗumama jiki kafin a wahalar da shi, yadda ake ƙarfafa wuya da gadon baya saboda turereniya, da cewa hutu ma wani ɓangare ne na horo. Wannan na ƙarshen ya fi ba ta wuya. Ta sa aka share tsohon ɗakin ajiya aka zuba ƙarafan ɗagawa, wani manomi ya kawo tayoyin tarakta, ta ɗinka buhunan yashi da hannunta. Amma tudu yana nan, ba ta sauke shi daga tsari ba.

Sannu a hankali Pontderi ta daina mutuwa bayan hutun rabin lokaci. Ba su zama zakarun ƙasa ba, ba su ma kusa ba. Sai dai ƙungiyoyin yankin sun san cewa in ka zo Pontderi, ƙarshen wasa ne zai fi yi maka tsawo. Shekarar da suka doke maƙwabtansu na ƙetaren kogi, Jariri ne ya ture mutum biyu ya dire ƙwallo a bayan layi ya ci maki ana dab da tashi, ya miƙe da laka har gira yana neman Nerys da ido. Ta ɗaga masa hannu ta ce ya koma wurinsa, ba a hura usur ɗin tashi ba tukuna.

Shekaru suka tafi. Waɗanda ta fara horarwa suka yi aure suka yi tumbi, ƙannensu suka shigo, daga baya har 'ya'yansu. Jariri ya sami aiki a gidan waya, ya zama kyaftin, ya yi furfura a gefen kai. Ita kuma gwiwarta ta dama ta soma magana.

Ta ɓoye, ta daɗe tana ɓoyewa. Ta riƙa tura su gaba ta ce tana duba na baya. Wata Talata a tsakiyar hawa ƙafar ta ƙi, ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ta kasa tashi. Samari suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya taɓa ganin ta a zaune ƙasa da su.

"Me kuke kallo? Ban ce a tsaya ba."

Suka wuce, amma Jariri ya dawo ya tsuguna ya ba ta baya. Ta ce ko kusa. Ya ce to sai su kwana a nan, shi ba inda za shi. Haka ya sauko da ita goye, tana dukan kafaɗarsa tana cewa ya bi ta bayan gidaje kada a gani.

Likita ya ce sai an canja gwiwar, kuma layin masu jira da tsawo. Ta kira Dilwyn ta ce ya nemi wani mai horarwa. Ta ce wanda ba zai iya hawa ba, ba shi da bakin cewa wani ya hau. Ta ajiye aikin wasiƙu, ta zauna a gida tana kallon taga, shayi na hucewa a gabanta. Elwyn ya gasa mata 'yar wainar zabibi da take so, ta ce ba ta jin yunwa.

Ran Alhamis da yamma aka buga ƙofa. Elwyn ya buɗe ya ga 'yan gaba gaba ɗayansu a tsaye cikin yayyafi, da kujerar ɗakin ƙungiya an ɗaure mata ƙarafa biyu a gefe.

"Baba Elwyn, mun zo aron Anti," in ji Jariri.

"Ku ɗauka," in ji Elwyn. "Ku dawo mini da ita kafin abinci ya huce."

"Ni gawa ce da za ku ɗauka a kafaɗa?" in ji Nerys daga ciki.

"Buhunan yashinki sun yage, Anti. Nauyi muke nema, ke kuma ba ki da wani aiki."

Ta zage su, ta zagi iyayensu maza, sannan ta ce wa Elwyn ya miƙo mata rigar ruwa. Suka ɗaga ta suka bi layi da ita, mutane na fitowa ƙofa. Har suka wuce gidajen ƙarshe tana riƙe da hannun kujera tana kallon gefe, don idonta ya kawo ruwa kuma ba ta son a gani. Da hawa ya fara tsanani sai ta lura mai ɗauka na hagu ya lanƙwasa baya.

"Kai, miƙe bayanka. Da cinya ake ɗauka. Haka za ka shiga turereniya ran Asabar su naɗe ka kamar tabarma?"

Daga ranar, har aka kira ta asibiti, a kan kujera take hawa tudu, ana canjin masu ɗauka a hanya. 'Yan wasan suka ce bayansu bai taɓa ƙarfi irin na wannan kakar ba.

Bayan an yi mata aikin gwiwar, sai ga shi wadda ta ƙi jin wayyon kowa ta fi kowa raki. Ma'aikaciyar asibiti ta nuna mata motsin da za ta riƙa yi, ta ce ta ji, ta dawo gida ta ƙi. Sai da Jariri ya riƙa biyowa bayan ya gama rabon wasiƙu, ya zauna a falo ya cinye wainar Elwyn, ya ce ba zai tashi ba sai ta lanƙwasa ƙafar. Gwiwar ta warke daidai gwargwado. Tana tafiya da sanda, tana zuwa kanti, amma tudu ya fi ƙarfinta, kuma da bakinta ta faɗa. Ta miƙa wa Jariri usur a gaban kowa, ta ce ya fi ta haƙuri, wannan kuma aibi ne amma zai gyaru.

Yanzu a benci take kallon wasa, da bargo a cinya. Elwyn ya yi ritaya daga tuƙi, karo na farko a rayuwarsa Asabar ta zama tasa, sai ya fara rako ta. A wasansu na farko tare da aka kusa hutu sai ya sunkuyo ya ce, "Nerys, ni fa wani abu ya daɗe yana damuna. Tunda can gaba suke son zuwa, me ya sa suke jefa wa juna ƙwallon baya?"

Ta juyo ta dube shi, mutumin da ta yi kusan duk rayuwarta da shi.

"Duk shekarun nan da nake ba ka labari kana gyaɗa kai fa?"

"Daɗin muryarki nake ji."

Ta ja bargon ta rufa masa rabi, ta matso kusa ta nuna fili da sandarta.

"To kasa kunne. Ka ga wancan mai jajayen kunnuwan? Daga kansa za mu fara."