Igiyar Dulcie

Gari bai gama wayewa ba Dulcie Brushett ta fito da igiyar kamun kifi tana auna gidanta. Duk inda kusurwa ta faɗo sai ta ƙulla. Ƙanenta Hedley ya leƙo ta taga.

"Yaya, likkafani kike yanka wa gidan?"

"Naka nake aunawa. Sa takalmi, Ches mai jirgin ruwa na jiran mu."

Gidan nan ba a wannan gaɓa aka gina shi ba. A tsibirin Little Harrow kakansu ya kafa shi. Dulcie na ƙarama gwamnati ta tashi mutanen tsibirin, aka ɗaura wa gidan ganguna, aka jawo shi bisa ruwa. Ta girma, ta ƙarar da ƙarfinta wajen feɗe kifi a masana'anta, ba ta taɓa komawa ba. Yanzu gwiwa ta fara ƙi, kuma so take ta tsaya inda aka haife ta kafin hawa jirgi ya gagare ta.

Da suka isa, tsibirin ba komai sai ciyawa da iska. Hedley ya nuna wani tudu, ya rantse nan ne gidansu yake a da. Jim kaɗan ya nuna wani, ya sake rantsewa.

"A zanin goyo ka bar nan," in ji Dulcie. "Rufe mana baki."

Gidajen sun tafi, amma duwatsun da aka ɗora su a kai suna nan cikin ciyawa. Ta bi kango kango, Ches na riƙe da bakin igiya, ita tana ja. Wani ya yi faɗi, wani ya gaza. Rana ta karkata, Ches ya fara duban ruwa.

"Goggo Dulcie, iska za ta juya. Mu tafi."

"Riƙe igiya."

A bayan wani ƙaton dutse, wurin da Hedley ya ce ko akuya ba za ta zauna ba, ta durƙusa da ƙyar ta yaye ciyawa. Ƙulli ya hau kan dutse daidai. Ta ja zuwa gaba, na biyu ma ya hau. Ta ci gaba da ja har ta zagayo, ƙullin ƙarshe ya zauna.

Hedley ya cire hula. Ya ɗaga ƙafa zai tsallaka igiyar, ta daka masa tsawa.

"Kai! Ta bango ake shiga gidan ubanka? Zagaya ta ƙofa."

Ya zagaya, Ches ma ya bi shi, har da goge takalmi. Dulcie ta taka zuwa inda murhu yake a gidanta, ta tara ƙirare a daidai wurin, ta hura wuta, ta ɗora butar shayin da ta taho da ita.