Keken Ɗinki a Ɗakin Karɓar Baƙi

Shekara talatin da ɗaya Gwaggo Mai Labule ta yi tana ɗinkin labule, ba ta taɓa zama ƙarƙashin kowa ba. Kekenta na baranda, tef ɗinta na wuya. Da keken nan ta raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, kuma ba ta son a tausaya mata a kai. Duk wanda ya zaɓi yadi sai ya sa hannu da biro a jikin ɗan ƙyallen yadin, ta ajiye. Mutane su yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Wani mai otal ya ba ta aikin tagogi ashirin da huɗu, rabin kuɗi a hannu, rabi in an rataya. Ta ɗauko yadi bashi wurin mai kantin da suka shekara ashirin suna hulɗa ba a taɓa jin kansu ba, da alkawarin biya ƙarshen wata. Aka rataya labule. Sai mai otal ya ce ba kalar da ya zaɓa ba ce, sisi ba zai ƙara ba.

Babban ɗanta ya ce a tafi kotu.

"Kotu? Kafin a kira mu labulen sun koɗe. Sa min keke a mota."

Da safe ta kafa keken a ɗakin karɓar baƙi na otal ɗin, dab da taga, ta hau aikin gabanta. Mai otal ya fito a fusace.

"Haba Gwaggo, nan shago ne?"

"A'a ɗana, nan kuɗina suke. Kusa da su na zo in zauna."

Mai gadi ya ƙi taɓa ta, ya ce ta yi jika da shi. Duk baƙon da ya tambayi dalili, sai ta kara ƙyallen a jikin labule, ga kala ɗaya, ga sa hannun mai gida raɗau. Ba zagi, ba ɗaga murya. Mata biyu ma har suka ba ta aiki.

Rana ta uku ya kawo kuɗin a ambulan, yana kallon gefe.

"Sai ki ƙirga."

"Zan ƙirga mana. Ai yanzu na san ka."

Daga can kanti ta wuce, saura kwana biyu wata ya ƙare. Mai yadi ya ce, "Hajiya, ai da na ɗaga miki ƙafa."

"Na sani. Ɗaga ƙafar ce ba na so. Sauko min da shuɗin can in gani, kuma kada ka ce min ya ƙara kuɗi."