Baƙar Motar Baba

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga ka. Sai in yi ta neman tabarau, ina yi wa jikoki faɗa, alhali yana bisa hancina. Amma akwai yammaci ɗaya da na tabbata ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina, wato yammacin da aka kai ni gidan miji a cikin tsohuwar motar mahaifina.

A Nassarawa GRA muke zaune a lokacin, cikin irin gidajen nan na gwamnati masu faɗin fili da itatuwan mangwaro, domin Baba babban ma'aikaci ne. Shekarun nan ne da arzikin mai ya ɓarke, kowa ya tashi da sayen mota. Maƙwabtanmu kullum sai ka ga an shigo da sabuwa dal, ledar kujerunta ma ba a yarda a cire, sai mutum ya zauna yana ta zamewa yana gumi saboda kada a ce ta tsufa. Baba ma yana da tasa ta zuwa ofis, wadda wani dattijo mutumin ƙasar Katsina yake tuƙawa, muna ce masa Baba Direba. Sai dai ita wannan ko kallon kirki Baba ba ya yi mata. Zuciyarsa tana can garejin bayan gida, wurin wata baƙar mota mai ƙusumbi wadda ta girme ni nesa ba kusa ba.

Asalinta ta wani Bature ce da Baba ya yi wa akawu yana saurayi, kuma ita aka ara aka ɗauko Umma ranar aurensu. Bature ya koma ƙasarsu, mota ta yi ta yawo a hannun mutane, har Baba ya tsince ta a bayan wani gareji a Sabon Gari, babu taya ko ɗaya, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Ya sa aka ɗoro ta a babbar mota aka kawo mana gida. Umma ta leƙo ta ga abin da ake saukewa, ta ce, “Malam, wannan gawar fa, a ina za a binne ta?” Baba ko a jikinsa.

Daga ranar Asabar da Lahadi suka zama nata. Baba zai tuɓe babbar riga ya sa wata shuɗiyar rigar makanikai, ya shimfiɗa tabarma, ya baje sifanu, ya kwance wannan ya wanke wancan da kananzir. Abin da babu shi a kasuwa sai ya kai wa maƙera su ƙera masa. Kujerun kuwa dukawan cikin birni ya ɗauko suka rufe su da jar fata. Har ƙaninsa da ya je karatu Ingila bai tsira ba, domin mu muna jiran tsarabar takalma, da aka buɗe akwati sai ga gilasan fitila da wasu ƙarafa naɗe cikin tawul. Ba ta da makulli irin na motocin yanzu, wani lanƙwasasshen ƙarfe ake zurawa ta gaba a murza har injin ya kama. Ranar da ta fara tashi bayan shekaru, Baba ya yi ta dariya shi kaɗai, ya aika aka sayo tsire aka raba wa masu gadin layinmu.

To, ni ce 'yar fari, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan yake nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son wani abu, sai ya ce da ƙanwata, “Ki ce wa waccan ta kawo ruwa,” ni kuwa ga ni tsaye a gabansa. Ƙannena suna hawa cinyarsa, suna miƙa masa sifana a gareji, ni sai dai in leƙa ta tagar ɗakinmu. Na san kunya ce ta al'ada, an sha gaya mini, amma sanin bai hana ni jin haushi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ita motar har hira yake yi mata. Sai ka ji yana cewa, “Haba yarinyata, yau kuma me ke damun ki?” Wallahi na yi kishi da ƙarfe, ba na ɓoyewa. A wannan leƙen nawa ne na haddace duk abin da yake yi mata, har da wani ɗan famfo da ke can ƙasan sitiyari. In ya ajiye ta sai ya murɗa shi ya rufe don kada fetur ya tsiyaye, in zai tashe ta ya buɗe.

Na gama kwalejin horon malamai, na fara koyarwa, na samu wanda nake so, wani matashin injiniya da ya gina ɗan gidansa a Badawa. Aka sa rana. Dangin ango 'yan kasuwa ne, kuma kowa ya san za su zo ɗaukar amarya da jerin sababbin motoci. Ina ta murna a raina, har na zaɓi wadda zan shiga, wata doguwa fara mai na'urar sanyi. Kwatsam sai Umma ta kira ni ta ce Baba ya yanke magana: a baƙar motarsa za a kai ni, kuma da la'asar, saboda fitilunta ba su da ƙarfi.

Na ce, “Umma, don girman Allah! Ƙawayena fa za su zo. A ce duk motocin Kano, a wannan akwalar za a kai ni?”

Ta ce, “Akwalar da ta kawo ni gidan nan? Ai kuwa da ba ta kawo ni ba, da ba ki samu bakin yi mini tsiwa ba.”

Na garzaya wurin Gwaggo, yayar Baba, wadda ita kaɗai ce take iya tanƙwara shi. Ta shiga ta fito tana karkaɗe mayafi, ta ce, “Ubanki tun yana yaro in ya kafe ya kafe. Sai dai na gaya masa, shi ba inda za shi. Uba ba ya raka amarya, balle 'yar fari. Ya ba direba.” Baba ya amince ba musu, har Gwaggo ta yi mamakin saurin yardarsa. Ya shiga koya wa Baba Direba tuƙin motar kowace yamma, yadda ake murza ƙarfen, yadda ake lallaɓa giya, yadda ake taka birki tun daga nesa. Kafin dattijon ya iso kuwa, Baba ya riga ya fito da ita ƙofar gareji ya goge ta tas.

Gaskiyar magana, ba motar ce ta fi damuna ba. Abin da nake so shi ne Baba ya nuna, ko da sau ɗaya, cewa ya san zan bar gidansa kuma abin ya taɓa shi. Na sa rai da lokacin nasiha, in an kai ni gabansa a lulluɓe. Da ranar ta zo, aka riƙo hannuna zuwa falo, sai na ji muryar Baffa, ƙanin Baba, shi aka wakilta. Ya yi nasiharsa mai kyau, ya yi addu'a, aka shafa. Baba kuwa an ce ya fita tun azahar, ba wanda ya san inda ya nufa. Kukan amarya yawanci rabinsa na al'ada ne, amma nawa na ranar na gaske ne tun daga cikin ciki.

Aka sa ni a kujerar baya, Gwaggo a damana, babbar ƙawata a haguna. Baba Direba ya murza, mota ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Mu ne a gaba, sababbin motocin dangin ango suna biye da mu a hankali suna ta danna ham. Muka fita daga gida, muka miƙe layinmu. Muna kaiwa kwanar ƙarshen layi, sai motar ta yi tari, ta yi shessheƙa, ta mutu murus a tsakiyar titi.

Kai, na ga tashin hankali! Baba Direba ya fita ya murza har hularsa ta faɗi, shiru. Samarin dangin ango suka fito da manyan riguna suka tura mu gaba, suka turo mu baya, shiru. Masu gadi da masu ban ruwan fulawa suka fito ƙofar gidaje suna kallo. Ina jin wata daga cikin dangin ango tana cewa, “Ai dama mun faɗa. A fito da ita a sa ta a tamu mana.” Ƙawata tana ta danne dariya har kujera na girgiza, na kai mata mintsini. Gwaggo ta ja tsaki ta kama hannun ƙofa za ta fitar da ni.

Sai muka ji ƙararrawar keke. Na ɗan ɗaga gefen mayafi, sai ga Baba a kan keken mai yi mana shara, sanye da shuɗiyar rigarsa, akwatin sifanu ɗaure a baya. Ko aika masa ba a yi ba. Mutumin da aka ce ya fita tun azahar, ashe yana nan kusa da shirinsa. Ya jingine keke, fuskar nan a murtuke, ya ce, “Me kuka yi mata?” Ya leƙo ta ƙofar direba kamar mai duba giya. Ni da nake zaune a baya, kaina a sunkuye, idona ya sauka daidai kan hannunsa. Na ga ya zura shi ƙasan sitiyari ya murɗa ɗan famfon nan.

Nan take na gane komai. Duk koyarwar da ya yi wa Baba Direba, bai taɓa nuna masa famfon ba, shi yake buɗewa da kansa kafin ya zo. Yau kuwa ya bar shi a rufe, ya san ɗan man da ya rage a injin ba zai wuce ƙarshen layi ba. Ya zagaya ya buɗe bonet, ya yi ta ƙwanƙwasa wurin da lafiyarsa ƙalau, yana girgiza kai, mutane sun kewaye shi suna jinjina. Can ya rufe, ya kama ƙarfen ya murza, mota ta ɗauka kamar ba ita ba. Aka sa tafi da guɗa. Baba Direba ya nufo kujerarsa, Baba ya tare shi.

“A'a, Malam. Yadda ta fara wannan rigimar, in ta sake mutuwa a hanya ba mai iya tashin ta. Ka koma da keken gida.”

Gwaggo ta ce, “Kai! Ba ka da kunya? Ina ka taɓa ganin uba ya kai 'yarsa ɗaki?”

Ya gyara madubi ya ce, “Yaya, ni ban ga uba a nan ba. Makanike aka kira, ya zo.”

Daga GRA zuwa Badawa ba wata tafiya ba ce, amma ranar sai da muka zaga rabin unguwa. Ya bi ta gaban makarantar firamaren da na yi, ya rage gudu. Ya bi ta asibitin da aka taɓa kwantar da ni ina ƙarama. Jerin motocin nan masu tsada suna biye da mu, ba mai ikon wucewa. Gwaggo ta ce wannan ai ba hanya ba ce, ya ce waccan akwai ramuka, motar ba ta so. Can sai ya yi gyaran murya.

“Yaya, ki ce mata ta bar kukan nan haka. Ki ce mata ranar da aka kwantar da ita a asibitin can, a bakin tagar ɗakin na wuni, ban dai shiga ba. Ki ce mata tun ranar da na kawo motar nan gida, saboda yau nake gyaran ta. Kuma ki ce mata in wani abu ya dame ta a can, kada ta tsaya neman ɗan aike, ƙofata a buɗe take.”

Maimakon Gwaggo ta isar mini da saƙon, sai ita ma ta rufe fuska da mayafi tana sharɓar kuka. Ni kuwa kuka da dariya suka haɗe mini, na rasa wanda zan fara.

Muka isa rana na shirin faɗuwa. Baba bai fito ba, ya riƙe sitiyari yana kallon gaba kamar direban haya. Mata suka taso da guɗa za su fitar da ni. An ce amarya ba ta magana, amma ni bakina bai taɓa jin magana ba. Na matso kusa da kujerarsa na ce a hankali, “Baba, in ka koma kada ka manta ka rufe famfon mai.” Kafaɗunsa suka motsa. Ta madubi na ga idonsa ya yi ja, ga kuma murmushi yana neman ƙwace masa. Ya ce, “Yaya, ki ce mata ta yi wa mutane shiru.”

Har Baba ya bar duniya bai kira sunana ba, kuma daga ranar ban ƙara jiran ya kira ba. Kafin rasuwarsa ya aiko ƙanwata ta ce wa “waccan” ta turo a ɗauki mota. Tana nan a gidana, babban ɗana ne yake kula da ita, kuma shi ma ga shi nan ya kamu da ciwon sifana. Abin da na koya shi ne, mutanen da suka haife mu ba su iya faɗin so da baki ba, sai dai su yi shekaru suna gyara maka shi a bayan gida, kai kana taga kana jin haushi. In kana da irinsu a raye, ka daina sauraron bakinsu, ka dubi hannunsu. Ni da na duba sau ɗaya, abin da na gani ya ishe ni har yau.