Gawar Sarauniyar Mita

Ƙanin mijina mai gyaran agogo ne, ana ce masa Daƙiƙa. Ya tsufa yana gyara wa mutane lokaci, shi kuwa ko ɗaurin aurensa sai da ya makara. Shagonsa shi ne ɗakin gaban gidansa, bango cike da agogunan da masu su suka manta, kowane da ƙarfen da yake nunawa. Da la'asar nakan je in zauna a kujerar kwastoma in yi masa tsiya, don ni kaɗai na rage mai yi masa.

Da can yi masa tsiya aikin matarsa ne. Mace ce da ba ta ganin cokali a karkace ta yi shiru, shi ya sa ya laƙaba mata Sarauniyar Mita, sunan da bai taɓa fita daga gidan ba. Ta rasu a asibiti, a sashen da 'yarsu Auta take aikin nas, a hannun Autar ma. Tun daga nan yarinyar ta ajiye farar riga, ta shige ɗakinta na ƙarshen baranda ta rufe. Uban ya ajiye faranti a bakin ƙofa, ya dawo ya ɗauki faranti. Muryarta kuwa ta ɓace masa.

Wata rana ya hango ta tsagar ƙofa tana wani wasa a kwamfuta, irin wanda dubban mutane ke shiga ta intanet su zama mayaƙa da matsafa, suna farautar dodanni. Ya ga tata siffar, mai warkarwa ce da farar alkyabba da sanda, ya haddace sunan da ke yawo a kanta. Sai ya kira Mai Waya, maƙwabcinsa, ya sa masa wasan a wata tsohuwar kwamfuta.

"Kai da ko saƙo ba ka iya turawa?" na ce. "Dodo ma zai ji kunyar cin ka."

"Matar Yaya, in ba ta fitowa, ni zan shiga."

Mai Waya mutum ne mai sauri, ya ce danna nan, danna can, ya tafi. Daƙiƙa ya yi ta dannawa bai karanta ba, sai ga shi ya fito mace, gajeriya mai faɗin ƙugu. Aka nemi suna. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya rubuta Sarauniyar Mita da yatsa ɗaya.

Wasan ya so ya koya masa riƙe takobi, ya tsallake, wai shi ba faɗa ya kawo shi ba. Ya fita ƙofar ƙauyen 'yan koyo kai tsaye. Wani abu baƙi ya taso daga ciyawa, allo ya yi ja, ya yi duhu. Da haske ya dawo, duniyar ta koma launin toka. Kiɗa ya ɗauke, sai iska kawai take busawa.

"Tsohuwar kwamfuta ce," ya ce. "Kala ta tafi."

A haka ya yi ta yawo kwana da kwanaki. Dodanni sun daina kula shi, ya ce sun gane manya. Ya shiga kasuwa ya yi sallama, babu amsa. Ya ce yaran zamani ne. Har ya gano Auta: kullum da la'asar takan zo gindin wata busasshiyar bishiya a bayan ƙauye, ta tsaya cak. Bai taɓa matsawa kusa ba, kamar yadda ba ya wuce bakin ƙofarta. Daga nesa yake rubuta, "Auta, kin ci abinci?" Kalmomin su tashi sama da kansa su narke.

"Can ma ba ta kula ni," ya ce, yana goge tabarau.

Ni dai wurin bai kwanta mini ba. Agogunan nan suna ta ƙas-ƙas a kanmu, kowa da nasa, ga iskar nan tana fita daga kwamfuta kamar an bar taga a buɗe a gidan da ba kowa. Ran nan ina kallo wani ƙato mai gatari ya nufo shi, bai kauce ba, ya ratsa ta cikinsa ya wuce.

"Daƙiƙa, ina inuwarka? Kowa na da ita ban da kai."

Aka kira Mai Waya. Kallo ɗaya ya yi ya fashe da dariya. "Baba, ai kerkeci ya kashe ka tun ranar farko! Fatalwa ce kai, masu rai ba sa ganin ka, ba sa jin ka. Bi kibiyar nan ta taswira ka koma jikinka, ka danna ka tashi." Ya fice yana dariya. Mu ba mu yi ba.

Ya bi kibiya. Ta kai shi gindin busasshiyar bishiyar. Can cikin ciyawa, daidai ƙafafun Auta, gajeriyar matar tana kwance rub da ciki, sunan yana lilo a kanta. Abin da yarinyar take zuwa kallo ke nan kullum, gawa mai sunan da mu huɗu kaɗai muka sani, ɗayanmu tana ƙasa.

"Amma kai mugu ne ba ka sani ba," na ce. "Danna ka tashi, ka raba yarinya da wannan abu."

Bai danna ba. Ya nuna mini allo da haɓa. Auta ta ɗaga sanda, haske ya fara taruwa a bakinta, irin wanda masu warkarwa ke tayar da matacce da shi. Kafin ya cika sai ta sauke. Ta sake ɗagawa, ta sake saukewa. Daga ƙarshen baranda muna jin kujerarta tana ƙara.

Daƙiƙa ya janye hannunsa daga linzamin kwamfutar ya ɗora a cinya. "Bar ta, Matar Yaya. Waccan ta kufce mata. Wannan ita za ta tayar."

Na zauna. Sandar ta tashi kuma, hasken ya cika, ya zubo. Wani ɗan akwati ya fito a allo yana tambaya ko ya yarda a tayar da shi. Wannan karon ya karanta kafin ya danna.

Ciyawa ta koma kore. Gajeriyar matar ta miƙe tana karkaɗe zani, wallahi yadda marigayiya take yi.

"Wane ne?" Auta ta rubuta.

Ya nemi haruffa ɗaya bayan ɗaya. "Ni ne. Kin ci abinci?"

Sai muka ji sakata, sai takun ƙafa a baranda, a hankali. Ta tsaya a bakin shago, ta rame, ido ya yi ja.

"Baba, ka canza sunan nan."

"Ban iya ba."

"Ba a canzawa ma." Ta share fuska da bayan hannu, ta dube ni. "Inna, ɗan ba ni kujerar. Ko takobi bai riƙe ba, wani kerkecin zai sake cinye ta."

Na tashi na ba ta. Ta ja kujerar kusa da shi, ta kama hannunsa ta ɗora a kan linzami.