Ƙofar gilashi a banɗakinmu

Matata ta faɗi a banɗaki wata safiya, tana fitowa daga wanka. Santsin karo, wato tayil ɗin ƙasa, shi ya kwashe ta. Ta kai hannun dama ƙasa, wuyan hannun ya karye. Da hannun nan take kaɗa ƙullun ƙosan da take soyawa a ƙofar gida, ma'aikata su saya kafin su wuce unguwar Jadid jiran aiki. Aka ɗaure shi a asibiti. Likitan ya ce ƙashinta ba na yarinya ba ne, in ta ƙara irin wannan faɗuwar kada mu sa rai zai haɗu daidai.

Banɗakin gidan da muke haya a unguwar Abdulkafi, nan Sabha ta Libiya, ƙarami ne. Masai a nan, dush, wato shawa, a can, babu abin da ya raba su. In mutum ya yi wanka, ruwa sai ya malale har bakin ƙofa. Na je wurin mai gidan, wani dattijo Balarabe, na ce zan fasa karon in sa mai kaushi, in kuma kewaye wurin wanka da gilashi yadda ruwa zai tsaya wuri ɗaya. Ya ce in yi abin da na ga dama, kada dai in taɓa bangon maƙwabci.

Karo aikina ne, da shi nake ci. Na fasa, na shimfiɗa sabo, na karkata ƙasan zuwa magudana. Saura ɗakin gilashin. A gidajen da nake aiki, masu gilashi sai na tafi suke zuwa. Na sha ganinsa a tsaye, amma ban taɓa shiga ciki ba. Na ɗauki igiya na auna kusurwar, na yi ƙulli a faɗi, na yi ƙulli a tsawo, na ƙara wani a inda masai ya fara. Na sa a aljihu zan fita, matata ta yafa mayafi. Na ce ta zauna ta huta. Ta ce hannunta ne ya karye, idonta lafiya lau.

Shagon masu gilashin yana kan hanyar Hajara. Mai shi Balarabe ne, yana zaune da shayinsa mai kumfa yana duba waya. Wanda ke kula da masu saye wani Bakano ne mai tumbi da yawan magana. Yana jin harshena ya gane daga inda na fito. Ya ce alhamdu lillahi, ashe bayinsa na Damagaram sun fara wanka. Na ce mu ne muka koya wa kakanninsa gudu. Ya yi dariya, ya gaida matata da Hajiya, ya yi mata sannu da hannu, ya ce ta faɗa masa gaskiya in ni ne na karya shi, yanzu ya kira 'yan sanda.

Idona ya fara sauka kan wani gilashi guda ɗaya, a tsaye, ba ƙofa. Ka zagaya ka shiga, shi ke nan. Shi na so. Na fito da igiya, igiya ta ƙi. Irin wannan sai banɗaki mai tsawo, a namu ruwa zai zagayo ta gefe ya koma inda ya saba. Bakano ya ce to ga labulen roba, daidai ƙarfin Badamagare. Matata ta ce ta san shi a gidan wata ƙawarta, yana manne wa mutum a jiki, ruwa kuma yana bi ta ƙarƙashinsa.

Sai ya ja mu wurin wani ƙato mai rufi a sama, da fitilu shuɗɗa, da rediyo, da ramukan da ke feso ruwa ta baya. Matata ta zagaya shi a hankali. Ta tambaye shi a wane gari ake amfani da shi, don a Sabha da ta sani, in wuta ta zo ruwa ya tafi, in ruwa ya zo wuta ta tafi. Ta ce ita abin da take son sani shi ne inda bokiti zai zauna ranar da tankin saman gida ya bushe. Bakano ya shiga baya ya ɗauko bokitin da suke goge shago da shi. Ta ce da 'yar kujera. Ya ɗauko wadda yake zama a kai yana cin abinci. Haka muka bi shagon, shi da bokiti, ni da igiya, ita tana ba da umarni da hannu ɗaya.

Ta tsaya a kan wani na kusurwa, mai ƙofa biyu da ake ja su haɗu, tsakiyar gilashin ba a ganin mutum ta ciki. Igiya ta yarda. Aka sa bokiti da kujera, ta shiga ta zauna, ta ja ƙofar da hannun hagu ba wuya. Ta fito tana murmushi. Ta ce in shiga ni ma, tunda na fi ta faɗi.

Na shiga. Bakano ya ja ƙofofin suka haɗu, na ji ƙas.

Abin da ya biyo baya ban san shi ba. Na dai tsinci kaina a tsakiyar shago, ƙofa ɗaya a hannuna na tumɓuke ta daga kan ƙarfenta, bokiti yana gangarawa wajen titi. Allah ya sa gilashin bai fashe ba. Balarabe ya ajiye shayinsa. Bakano ya fara dariya, ya dubi fuskata, ya daina.

Shekarar da na shigo garin nan, waɗanda suka kawo mu sun kulle mu a wani ɗaki ba taga. Muna da yawa, mun daɗe. Wasu ba su fito ba. Ni na fito. Tun daga nan ba na sa wa ƙofa sakata, a masallaci kuma bakin ƙofa nake tsayawa. Matata ta ga duk wannan tun aurenmu, ba ta taɓa tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Ta matso kusa da ni ta yi magana a hankali.

"Malam, mu ɗauki labulen."

"Labule ba ya tare ruwa. Ke kika faɗa."

"Zan dinga kula."

"Ranar nan ma kina kula."

Na miƙa wa Bakano ƙofarsa.

Balaraben ya taso. Bai tambaye ni komai ba, ya daɗe a garin fiye da ni. Ya ce in biyo shi. Can ƙarshen shago akwai wani mai ƙofa ɗaya mai faɗi, wadda ke buɗewa waje kamar ƙofar ɗaki. Ya cire mata abin da ke kama ta, ya tura ta da yatsa ɗaya ta buɗe. Ya rufe, ya sake turawa da gwiwar hannu. Ya ce in gwada, ba wanda zai taɓa ta sai ni.

Na shiga, na jawo ta da kaina, tafin hannuna a jikinta. Na tura, na fito. Na ce ba laifi. Matata ta shiga da bokitinta da kujerarta, ta rufe, ta buɗe, ta ce robar da ke ƙasan ƙofar za ta tare ruwa. Na shimfiɗa igiya a ƙasa in ga ko ƙofar za ta bugi masai in ta buɗe. Ta wuce da kyar. Muka saya.

Muna fita Bakano yana durƙushe yana mayar da ƙofar da na cire. Ya ce a gaya wa mutanen Damagaram su ji tsoron Allah, sun fasa ƙofofin Kano a da, yanzu sun biyo shi har Libiya. Na ce ya gode wa Allah ban shiga mai rediyon ba.

Washegari masu gilashi suka zo suka ɗaura. Matata ta fara shiga, hannun a naɗe cikin leda. Da ta fito na duba ƙasa, a bushe take har bakin ƙofa. Ta taka da ƙarfi da gangan tana kallona.

Ni kuwa har yau da ƙofar a buɗe nake wanka. Ruwa yana fita, ba shakka. Saboda haka na sayi sandar goge ƙasa da tsumma, na rataye su a bayan ƙofa. In na gama, sai in goge ko'ina, in bi da tafin ƙafata in ji babu danshi, sannan in fito. Ina daɗewa. Ita tana tsakar gida tana cewa magini ta aura, ba ta san an haɗa mata da mai shara ba. Ni kuma in ce ta ci gaba da magana, muryarta na taimaka wa tsumman.

Ba ta sake faɗuwa ba.