Wushiryar Iya Auchi

Kakata ta wajen uba tana da wushiryar da akuya za ta bi ta ciki ta wuce ba tare da ta sunkuyar da ƙaho ba. Na san waɗanda suka san ni za su ce Ɗanlami ya fara. To na ji, a cire akuya a sa ɗan tsako, amma daga nan ba zan ƙara ragi ba ko alƙali ne ya sa baki.

Sunanta Zainabu, sai dai kaf Fagge ba mai kiranta sai da Iya Auchi. Fataucin manja ne ya kai kakanmu kudu, ƙasar Afemai. Ya tafi da garewani fanko, ya dawo da su cike, ga kuma amarya a gaban mota. A Kano ta haihu, a Kano ta tsufa, amma Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba. In tana magana sai ka ji kamar mai tafiya a kan duwatsun garinsu, nan hawa, can gangara.

Da an idar da magariba takan hura wuta a tsakar gida ta binne doya a cikin toka. Mu jikoki mu kewaye ta, ni da yayata Ladi a gaba, don mun fi kowa baki mun kuma fi kowa ci. Hayaƙi ya riƙa tashi a hankali yana ratsa rassan darbejiya, ƙamshin doya ya gauraya da na manja da barkono, fuskar Iya ta riƙa ɓacewa tana dawowa a bayan harshen wuta. Har yau in danja ta tsayar da ni a unguwar Ardwick ta Manchester, ruwa na bin gilashin mota, sai in ji wannan ƙamshi ya shigo ban san ta inda ya biyo ba.

"Ga ta nan," in ji ta, "amma ba irin taku ba ce ta gizo. Wannan ta gidanmu ce, a zauna da kyau."

"Ta zo mu ji ta, Iya, in doya ta nuna kuma ta dakata," na ce.

"Kai mai gidana, rufe min baki. Miji ko gishiri bai taɓa sayo min ba, sai surutu."

Ta ce can da, kafin a haifi kakan kakan wanda ya haƙa rijiyar gidanmu, mutanensu duk a birnin Bini suke, su da 'yan'uwansu Edo uwa ɗaya uba ɗaya. Birni ne mai jar ƙasa, ganuwarsa ta zagaya ta sake zagayawa, har tsuntsu sai ya yada zango kafin ya ƙetare. Sarakunansu na farko daga sama suka sauko. Maƙera na narka tagulla su zuba kan mutum, in ka zo wucewa sai ka yi masa sallama ka tsaya jiran amsa. Sarki na sanye da murjani tun daga ƙirji har leɓe, damisa na kwance a gabansa kamar kyanwar gida.

Sai wata rana 'ya'yan sarki biyu maza suka rasu, ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar. Baƙin ciki ya rufe idon sarki. Ya ce tunda gidansa ya yi duhu, kowa ma ya kashe fitilarsa. Shekara uku ba kiɗa, ba mace da za ta ɗauki ciki, ba wanka. Wanda kuma aka ga haƙorinsa a waje da sunan dariya, ya yi sallama da kansa.

"Ba wanka?" na ce. "Iya, ai wannan sarki adali ne."

Ta ɗaga itacen tona wuta, na koma bayan Ladi.

Birni ya yi tsit. Ganguna suka bushe a rataye. Mata na daka a hankali don kada taɓarya ta yi kama da kiɗa. Yara suka koyi yin dariya da ciki, baki a rufe, kafaɗu kawai ke rawa. Ana nan sai wata tsohuwa ta tara danginta ta ce, "Mutuwa ta ɗauki biyu da ƙarfinta. Mu kuma sai mu miƙa mata sauran kyauta?" Shi ke nan, gida-gida aka riƙa ɗaure irin doya a zane, a goya yara, a nufi arewa. Suka ratsa kurmin da rana ba ta san ƙasansa ba. Inda duk wani ya gaji ya ajiye kaya, nan ya zama gari: wannan Agbede, wancan Auchi, can Uzairue, masu ƙarfin gwiwa kuwa suka haye kan duwatsu suka yi maƙwabtaka da gajimare. "Afemai," in ji Iya, tana dafa ƙirji. "Da bakinmu, mutanenmu ke nan."

Amma kafin su rabu, ta ce, sai da suka iso wani kogi. Suka faɗa da kayan jikinsu. Ruwa ya yi baƙi ƙirin, kifaye suka tattara nasu ya nasu suka koma Lakwaja. Wani tsoho ya fito ya ga launin ƙafarsa na asali, bai gane ta ba, ya tambaya ko ta wace ce. Nan dariyar shekara uku ta ɓalle gaba ɗaya. Birai suka riƙa faɗowa daga bishiya. Da numfashi ya dawo, dattawa suka ce tunda za a watse, yaya jikoki za su gane juna? Wasu suka ce a yi tsaga a kumatu. Tsohuwar nan ta ce a'a, a sa alamar a inda ba mai ganinta sai mai ita ya yi dariya. Maƙeri ya ɗauko ɗan ƙarfensa mai kaifi ya sassaƙe tsakanin haƙoran gaba. Ita ma Iya haka aka yi mata tana budurwa. In ta kawo nan sai ta washe baki, hasken wuta ya bi ta ƙofar nan ya shige.

"Ƙurunƙus. Kan kusu na Kanawa ne, mu a garinmu kan damisa ake ci. A miƙo manja."

Nakan yi barci da maiƙo a baki, ina ganin ayarin mutane na tafiya cikin hayaƙi, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa.

Ni ma ayari ya kwaso ni. Na zo Ingila karatu, karatu ya ga ruwan saman Manchester ya gudu ya bar ni da sitiyarin bas. Muka zauna a Gorton ni da matata Hauwa, a gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna kamar ƙwayar masara. 'Yarmu ta fari na sa mata sunan Iya, Zainab, ina kiranta Iya ƙarama. Ranar da haƙoranta na girma suka fito na ga ƙofa a tsakiya, saura kaɗan in sake yanka ragon suna. Na buga waya Kano, na buga Birmingham inda Yaya Ladi ke aure, har fasinjojina sai da suka ji labari.

Da ta shiga sakandare ta ce min, da Hausarta mai ƙamshin Gorton, "Dad, abin da aka sassaƙa da ƙarfe ba a gadonsa. An koya mana a makaranta."

"Malamin naku ya taɓa zuwa Auchi?"

"A'a."

"To ya yi shiru."

Wannan a shekarun dubu biyu da 'yan kai ne. Wata rana ta dawo daga wurin likitan haƙori ta tsaya a bakin kicin tana murza gefen hijabinta. Likita ya ce akwai wayar da ake ɗaurawa ta haɗe haƙoran, ya ba ta rana, amma sai iyaye sun yarda.

"Ina so a sa min, Dad."

Na ce mata a Kano maza na faɗawa kwata garin kallon mai wushirya. Na ce akwai attajiran da za su ba da gida da mota a buɗe musu rabin tata. Na ce wannan ce kaɗai kadarar da Iya ta bar mana, ba gona ba shanu, kuma ita ce aka ba ajiya.

"Nan ba Kano ba ne," ta ce, ta hau sama.

Hauwa ta ce ita ba ta shiga tsakanin mutum da kakarsa.

Ana cikin haka Sallar azumi ta zo, muka tafi unguwar Lozells ta Birmingham. Yaya Ladi da mijinta, Bahaushen Kumasi, suna da ɗan kanti na kayan miya, gidansu kuwa ranar Sallah ya fi tashar mota cika. Maƙwabta 'yan Gana sun kawo wake da shinkafa irin nasu da baƙin yaji, ɗalibai 'yan Zariya da Sakkwato sun zo da cikinsu kawai. Na sami fili na baje. Na ba su labarin ranar da hazo ya rufe gari na tuƙa bas har Sikotlan ban sani ba, fasinjoji suka sauka suna yabon yadda unguwarsu ta yi tsaunuka. Falo ya kece. Wani ɗalibi sai da aka bubbuga masa baya.

Yaya Ladi ta yafito ni kicin, ta rage murya.

"Ɗanlami, juya ka kalli 'yarka."

Na leƙa ta ƙofa. Zainab na zaune a gefen kujera, tafin hannunta a kan baki, kafaɗunta na rawa.

"Yaushe rabonka da ganin wushiryar da kake cika mana kunne da ita?"

Na sake leƙawa ta ƙofa.

"Ta faɗa min," in ji Yaya. "In ta shiga aji yara fito suke yi mata. Ko amsa ta sani ba ta ɗaga hannu. Tare muka zauna gaban murhun nan ni da kai, amma kai doya ta raba maka hankali. Ni abin da na ji, mutane sun bar gari da kaburburan iyayensu don su sami inda za su buɗe baki. Ungo, kai musu miya."

A hanyar komawa Hauwa da ƙananan yaranmu suka yi barci. Ana yayyafi, fitilun motoci sun yi layi ja a gabanmu har iyakar gani, kowa da ɗaurin kayansa, kowa ya nufi arewa. Na daɗe ina tunanin tsohuwar bakin kogi. Ashe ba don a adana alamar ta sa ta a haƙori ba, so take jikokinta su riƙa washe baki har a gani.

"Iya ƙarama, yaushe ne ranar likitan?"

Ta ɗago a madubi. "Laraba."

"Zan nemi wani ya karɓe ni a aiki."

"Ba za ka ji haushi ba, Dad?"

"Zan ji mana. Zan yi kukan da Manchester za ta gane ba ta iya ruwa ba."

Ranar Laraba ta fito daga ɗakin likita baki a ɗinke. Na ce ta nuna min, ta girgiza kai. Na ce na hango, ai layin dogo ne daga Kano zuwa Nguru, kuma zan nemi aikin direban jirgin. Ta cije, ta kumbura kumatu, sai ta fashe, ƙarfe na walƙiya, hannayenta biyu suna cikin aljihun rigar sanyi.

Wata da watanni na zuba ido ƙofar nan tana rufewa kaɗan-kaɗan kamar faɗuwar rana. Ba zan ce bai yi min ciwo ba, har yanzu in na ga tsofaffin hotunanta nakan yi ajiyar zuciya. Amma yanzu in Zainab na waya da ƙawayenta a ɗakin sama, dariyarta kan ratsa bulo, har tsohon Baturen da muke haɗa bango da shi ya ɗauki takalmi ya bubbuga.

Ni kuwa ban taɓa zuwa ba shi haƙuri ba.